Kilomita 50 ga mata: abin da ya sauya a tseren zamiya kan dusar ƙanƙara, da abin da ake jayayya a kai

Ranar 22 ga Fabrairun 2026, ranar da aka rufe gasar Olamfik ta lokacin hunturu a Italiya, mata sun yi tseren zamiya na kilomita 50 a filin Tesero da ke kwarin Val di Fiemme. Ebba Andersson ta ƙasar Suwidin ce ta zo ta ɗaya. Wannan ne karo na farko da aka ba mata wannan zango a Olamfik, alhali maza suna yin sa tun gasar farko da aka yi a Chamonix ta Faransa a 1924. Tazarar shekara 102 ke nan.

Wanda ya ji labarin sama-sama zai ɗauka magana ta ƙare, kowa ya yi murna. Ba haka abin yake ba. A cikin su kansu matan da ke tseren akwai waɗanda suka yi maraba, akwai waɗanda suka ɗaga gira. Su ma mazan sun rasa wasu tsere da suka gada kaka da kakanni. Kafin a gane inda kowa ya dosa, sai an san yadda wasan yake.

Wane irin wasa ne wannan?

Zamiya kan dusar ƙanƙara iri-iri ce. Wadda aka fi nunawa a talabijin ita ce ta gangarowa daga kan dutse, inda gangara ce ke ba mutum gudu. Tseren dogon zango ba haka yake ba. 'Yar wasa za ta ɗaura siraran alluna biyu dogaye a ƙafa, ta riƙe sanduna biyu, ta riƙa tura kanta da ƙarfin ƙafa da hannu da gadon baya. A bisa ƙa'ida ana tsara hanyar ne kashi uku: kusan sulusi hawa, sulusi gangara, sulusi kuma tudu da kwari marasa tsanani. A wajen hawan ake cin tsere, a nan kuma ake faɗuwa. Shi ya sa masana motsa jiki ke lissafa shi cikin wasannin da suka fi wahalar da zuciya da huhu.

Salo biyu ake yi. Na gargajiya shi ne a sa allunan cikin wasu ramuka biyu da inji ya shata a jere, ana tafiya gaba kamar mai dogon taku. Na biyu shi ne salon sakewa, inda ake buɗe allunan ana tura ƙafa gefe da gefe. Wannan ya fi sauri. Ya yaɗu ne bayan Ba'amurke Bill Koch ya ci Kofin Duniya, wato jerin tseren da ake tara maki a cikinsu duk tsawon kaka, da irinsa a 1982, har hukuma ta ga babu makawa ta raba salon biyu a tsakiyar shekarun 1980.

Ta fuskar tashi ma akwai bambanci. Wani tseren ana sakin 'yan wasa ɗaya bayan ɗaya, daƙiƙa 30 tsakani, agogo ne alƙali. Wani kuma ana tashi gaba ɗaya, wadda ta riga tsallake layi ita ce gwana. Akwai gajeren tsere da bai kai kilomita 2 ba, ana yin sa shida-shida ana tankaɗe har a kai zagayen ƙarshe. Akwai na haɗaka, inda ake fara rabi da salon gargajiya, a tsaya a sauya alluna da sanduna, a ƙarasa da salon sakewa. Sai na karɓa-karɓa, mutum huɗu daga kowace ƙasa. Hukumar da ke kula da wannan duka ita ce FIS, mai hedikwata a Siwizalan.

Yadda aka gaji bambancin

Sai a 1952, a birnin Oslo na Nowe, aka bar mata suka shiga wannan wasa a Olamfik. Tsere ɗaya tal aka ba su, na kilomita 10, Lydia Wideman ta Finlan ta cinye. Daga nan aka riƙa ƙara musu da kaɗan-kaɗan. An kawo na karɓa-karɓa a 1956. Kilomita 20 ya zo a Sarajevo a 1984, shekarar da aka fara barin mata su yi gudun yada-ƙanin-wani mai dogon zango a Olamfik ta bazara a Los Angeles. Kilomita 30 kuwa sai a Albertville a 1992, inda Stefania Belmondo ta Italiya ta yi nasara. A nan aka tsaya har shekara 30.

Dalilin da aka riƙa bayarwa a da shi ne jikin mace ba zai ɗauki doguwar wahala ba. Tarihin tseren Vasaloppet na Suwidin ya nuna yadda wannan tunani ya yi aiki. Tsere ne na kilomita 90 daga Sälen zuwa Mora, an fara shi a 1922. A shekara ta biyu wata mata mai suna Margit Nordin ta shiga, ta kuma kai ƙarshe bayan sama da sa'a 10 a hanya. Maimakon hakan ya buɗe ƙofa, sai masu shiryawa suka haramta wa mata shiga daga 1924, haramcin bai tashi ba sai 1981. Ke nan hujjar cewa mace za ta iya tana nan tun kafin a kafa dokar da ta ce ba za ta iya ba.

Zuwa 2022, tsarin manyan gasa shi ne: inda maza ke yin kilomita 15, mata 10, haɗakar maza 30, ta mata 15, dogon zangon maza 50, na mata 30, a karɓa-karɓa kowane namiji 10, kowace mace 5. Sai wani abu ya faru a Olamfik ta Bejin a Fabrairun wannan shekarar. Iska mai ƙarfi da tsananin sanyi suka sa aka rage tseren maza daga kilomita 50 zuwa ƙasa da 30. Washegari mata suka yi nasu 30 ɗin cif, cikin iskar da ba ta lafa ba. Therese Johaug ta Nowe ta zo ta ɗaya, Jessie Diggins ta Amurka na biye. A wannan gasa dai, mata ne suka yi tsere mafi tsawo.

Hukuncin 2022

A watan Mayun 2022 kwamitin FIS mai kula da tseren dogon zango ya kaɗa ƙuri'a, kashi 57 cikin 100 suka amince a daidaita zangon maza da na mata a Kofin Duniya daga kakar 2022 zuwa 2023. Rinjaye ne, amma ba mai yawa ba.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne ba a ɗaga mata zuwa matakin maza kawai ba. Tsakiya aka haɗu a yawancin tsere. An kafa zango uku: 10, 20 da 50. Maza sun sauko daga 15 zuwa 10, haɗakarsu ta sauko daga 30 zuwa 20. Mata sun hau daga 15 zuwa 20, sannan daga 30 zuwa 50. A karɓa-karɓa kowa ya koma kilomita 7.5. Kilomita 50 ne kaɗai aka bar wa maza yadda yake, domin babu wanda zai yarda a taɓa shi. A Nowe, tseren 50 na tudun Holmenkollen ya haura shekara 100, mutane kan kafa tantuna a daji su kwana cikin sanyi don kawai su ga wucewar 'yan tsere.

Sauyin bai shiga ko'ina lokaci ɗaya ba. Gasar zakarun duniya ta Planica a ƙasar Sloveniya a 2023 da tsohon tsari aka yi ta. Sai a wadda aka yi a Trondheim ta Nowe a 2025 aka fara amfani da sabon, Olamfik kuma ta biyo baya a 2026.

Abin da kowane ɓangare ke cewa

Masu goyon baya, waɗanda muryarsu ta fi fitowa daga Amurka, suna kallon abin ne ta fuskar saƙon da yake aikawa. Diggins na cikin waɗanda suka fito fili suka mara baya. Wata mai horarwa a jihar Vermont, Molly Peters, ta daɗe tana fafutikar a daidaita zango tun daga gasar makarantu. A ganinsu, idan yarinya ta tashi tana ganin ana ba ta rabin abin da ake ba ɗan'uwanta, ta riga ta karɓi darasi tun kafin ta san ƙarfin jikinta. Suna kuma nuni da sauran wasanni. Gudun yada-ƙanin-wani kilomita 42 ne da ɗoriya ga kowa. A gasar gudun ƙetare daji ta duniya da aka yi a Kampala ta Yuganda a 2017, an mayar da maza da mata kilomita 10 duka. A ninƙaya ma an ba mata mita 1500 a Olamfik ta Tokyo.

Masu ja da baya, waɗanda suka haɗa da wasu 'yan wasa da masu horarwa a Turai, ba su ce mata ba za su iya ba. Wannan magana ta daɗe da mutuwa, tunda a jerin dogayen tsere na Ski Classics mata suna yin zango ɗaya da maza, har da kilomita 90 na Vasaloppet. Hujjarsu ita ce zango ɗaya ba ya nufin wahala ɗaya. Mace gwana ta fi namiji gwani daɗewa a kan hanya ɗaya, kuma a wannan wasa tazarar kan ƙaru inda ake dogara da ƙarfin kafaɗa da hannu. Don haka, in ji su, adalci shi ne a daidaita lokacin da ake ɗauka, ba tsawon hanya ba.

Maganar tana da nauyi, sai dai ba ta kare tsohon tsari. A lissafa: 30 kashi 60 cikin 100 ne na 50, kuma babu mai cewa gudun gwanayen mata ya gaza na maza da kashi 40. Da lokaci aka so daidaitawa, da zangon mata ya haura kilomita 40. Tsohon tsarin bai daidaita hanya ba, bai daidaita lokaci ba. Gado ne kawai aka riƙe.

Hujja ta biyu ta fi ta farko ƙarfi, ita ce ta yawan gwanaye. Matan da ke iya gogayya a sahun gaba ba su kai yawan maza ba. Idan hanya ta yi tsawo, tsirarun da suka fi ƙarfi kan ɓalle tun da wuri, sauran su warwatse, mai kallo ya zauna sa'a biyu yana kallon tseren da ya riga ya san sakamakonsa. Gidajen talabijin ba sa son haka, kuma daga wurinsu da masu talla kuɗin wasan ke fitowa. Masu goyon baya kan mayar da martani cewa ba a samun gwanayen kilomita 50 sai an ba mutane kilomita 50 su yi.

Akwai kuma ƙorafin maza, wanda bai kamata a share ba. Kilomita 15 da 30 suna da tarihi mai tsawo, da sunayen zakaru da ake kwatanta na yanzu da su. Rage su ya fifita mai sauri a kan mai juriya, ya kuma yanke igiyar kwatanci da 'yan baya.

Abin da aka gani a fili

Ranar 12 ga Maris 2023 aka yi tseren kilomita 50 na farko na mata a Kofin Duniya, a Holmenkollen. Fargabar warwatsewa ba ta tabbata ba a ranar. Gungun na gaba sun tafi tare har cikin filin ƙarshe, Ragnhild Gløersen Haga ta Nowe ta tsere musu a mitocin ƙarshe bayan sama da sa'a 2 da minti 13. Astrid Øyre Slind, wadda ta gogu a dogayen tseren Ski Classics, ta zo ta biyu, Diggins ta uku. Namijin da ya ci nasu a ƙarshen makon bai cika sa'a 2 ba.

Bayan shekara ɗaya, a wuri ɗaya amma da salon gargajiya, sai abin ya juya. Frida Karlsson ta Suwidin ta ɓalle ita kaɗai ta bar sauran a baya da tazara mai yawa. Kowane ɓangare ya samu tseren da zai kafa hujja da shi.

Na Trondheim a Maris 2025 ya fito da wani abu da takarda ba ta nunawa. An yi ɗumi da ruwan sama, dusar ta yi laushi ta zama kamar an jiƙa gari, alluna suna nutsewa, sanda ba ta samun wurin dogara. Karlsson ta sake yin nasara, Heidi Weng ta Nowe da Johaug suna biye, amma sai da aka haura sa'a 2 da minti 20. A wannan wasa kilomita ba ma'auni ba ne mai tsayawa wuri ɗaya. Hanya ɗaya kan zama sassauƙa da safe cikin daskararriyar dusa, ta zama azaba da rana. Ga shi kuma lokacin sanyi yana ƙara ɗumi a Turai, har masu shirya gasa suna dogara da dusar da inji ya yi ko wadda aka adana tun bara.

A wannan gasa ta Trondheim, matan Suwidin ne suka kwashe lambobin zinariya shida da aka sa wa mata, ba su bar ko ɗaya ba. Wannan ya ƙarfafa maganar masu cewa gwanayen sun taru a hannun ƙasashe ƙalilan. Sai dai zinariyar ta haɗa har da gajeren tsere, wanda bai kai kilomita 2 ba. Matsalar ta girmi batun zango.

Kaki, kuɗi da lafiyar jiki

Wanda ke kallo daga gida ba ya ganin rabin yaƙin. Tun da asuba ma'aikatan kowace ƙasa suke fita su gwada alluna, su shafa musu kaki iri-iri, wani don santsi, wani mai danƙo don allo ya kama dusa wajen hawa a salon gargajiya. In aka kuskure kakin, ko zakarar duniya ce za a gan ta tana zamewa baya a kan tudu, ko dusa ta danƙare mata a ƙasan allo tana jan ƙafa. Manyan ƙasashe irin su Nowe da Suwidin suna zuwa da babbar mota guda da aka mayar ɗakin aiki, da ƙwararru masu yawa. Ƙaramar ƙasa kan zo da mutum ɗaya ko biyu.

Dogon tsere yana faɗaɗa wannan giɓi. Kaki kan goge a hanya, shi ya sa ake ba da damar sauya alluna a tsakiyar tsere, wanda ke nufin a shirya wa kowace 'yar wasa fiye da saiti ɗaya. Ana kuma buƙatar mutane a wurare da dama a gefen hanya, su tsaya cikin sanyi da gorar abin sha mai sukari, su miƙa wa 'yar wasa tana wucewa a guje. Wadda ba ta da mai miƙo mata, ƙarfinta kan tsinke a kilomita 10 na ƙarshe. Daga kakar 2023 zuwa 2024 kuma FIS ta haramta kaki mai sinadarin fulorin saboda illarsa ga muhalli da lafiyar masu shafa shi, kowa ya koma neman abin da zai maye gurbinsa. Mai kuɗin bincike shi ke riga samu.

Batun lafiya ma na nan. Wasa ne da ake hawa tudu da nauyin jiki, don haka sha'awar rage ƙiba tana da haɗari, musamman ga 'yan mata. Idan abincin da ake ci bai kai ƙarfin da ake ƙonawa ba, al'ada kan ɗauke, ƙashi ya yi rauni. A 2019 likitocin tawagar Nowe sun dakatar da Ingvild Flugstad Østberg, wadda ita ce ta ci Kofin Duniya a kakar da ta gabata, saboda ba ta cika sharuɗɗan lafiya ba. Suwidin ma ta dakatar da Karlsson a ƙarshen wannan shekarar kan dalili irin wannan. Diggins ta sha fitowa ta bayyana gwagwarmayarta da lalurar cin abinci. Duk waɗannan sun faru kafin a daidaita zango, saboda haka ba za a ɗora wa kilomita 50 laifinsu ba. Abin da za a iya cewa shi ne ƙarin nauyi yana buƙatar ƙarin sa ido.

Ta wani gefen, dogon zango kan yi wa manya daɗi, domin juriya ba ta saurin tafiya kamar sauri. Marit Bjørgen ta Nowe ta haihu a ƙarshen 2015, ta dawo ta ci lambobi 5 a Pyeongchang a 2018 tana da shekara 37, har da zinariyar kilomita 30. Jimillar lambobinta na Olamfik 15 ne. Johaug ma ta yi ritaya a 2022, ta haihu, ta dawo ta ci lambobi a Trondheim.

Wa abin ya shafa a ƙasa?

Mafi yawan waɗanda hukuncin zai taɓa ba za su taɓa zuwa Olamfik ba. Abin da aka yi a sama shi ƙananan ƙungiyoyi da makarantu ke kwaikwaya. Mai horar da yara a wani gari a Finlan ko Kanada yanzu zai tsara atisaye ɗaya ga maza da mata, iyaye kuma su ga 'ya'yansu a hanya ɗaya. Masu shirya ƙananan gasa sun samu sauƙi, tunda hanya ɗaya za a gyara, a yi mata alama, a zuba masu sa kai. Mai kallo kuwa ya samu damar kwatanta lokacin maza da na mata kai tsaye, abin da wasu ke ganin zai nuna ƙwazon mata, wasu ke tsoron zai zama abin gori.

Ga ƙasashen da ba su da dusar ƙanƙara, kilomita 50 ba shi ne ƙofar shiga ba. 'Yan wasansu kan shiga gajeren tsere ne ko na tashi ɗaya bayan ɗaya. Haka Philip Boit na Kenya ya yi a Nagano a 1998. Mathilde-Amivi Petitjean ta wakilci Togo a 2014 da 2018, Samuel Ikpefan kuma ya wakilci Najeriya a Bejin a 2022, dukansu biyu a Faransa suka tashi. A tseren da ake tashi gaba ɗaya ana zagaya hanya sau da dama, kuma duk wanda na gaba suka zagayo suka cim masa, fitar da shi ake yi. Ƙarin zagaye na nufin ƙarin yiwuwar a cire 'yar ƙaramar ƙasa kafin ta ga layin ƙarshe. Ga irin waɗannan, kilomita 10 ne ya fi muhimmanci, shi kuwa bai sauya wa mata ba.

Maƙwabtan wasan ba su bi sahu ba tukuna. A tseren zamiya da ake haɗawa da harbin bindiga, wanda wata hukuma daban mai suna IBU ke kula da shi, har yanzu gajeren tseren mata kilomita 7.5 ne, na maza 10, dogon kuma 15 da 20. Wasan da ke haɗa tsalle daga tudu da tseren dogon zango kuwa, shi kaɗai ne aka yi ba tare da mata ba a Olamfik ta 2026, bayan kwamitin Olamfik na duniya ya ƙi sa su a shawarar da ya yanke a 2022, yana mai kafa hujja da ƙarancin ƙasashen da ke yin sa da ƙarancin masu kallo. Olamfik ta hunturu ta gaba a tsaunukan Faransa za a yi ta, a 2030.